Ai ruwa ne, ba ƙwaya ba

"Kina shan ƙwaya?"

Da ƙyar tambayar ta fito daga bakina. Ban daɗe da fara aiki a ɗakin awon ciki a Talata Mafara ba, ga matar ta girme ni.

Ta dafe ƙirji. "Ni? A'uzubillahi! Likita, mi kika ɗauke ni?"

Na ce ni ba likita ba ce, na shiga ba ta haƙuri. Tana gyara mayafi sai ga kwalbar maganin tari ta faɗo, irin mai sa maye ɗin nan.

"Wannan fa, Yaya?"

"Wanga? Ai ruwa ne, ba ƙwaya ba. Tun da muka gudo daga garinmu Gidan Goga barci ya ƙaurace min, maƙwabciyata ta ce in riƙa kurɓa. Har ɗan cikin ya koyi ladabi, ya rage shurina."

Na ce, "Yaya, shurin muke so."

Na ja ta wurin ungozoma. Alhamdulillahi, zuciyar ɗan cikin na bugawa. Matar ta bar mana kwalbar, ta ce mu nemo mata barcinta.

Yanzu "Kina samun barci?" nake fara tambaya. Ku fa, ma'aikatan lafiya, da me kuke farawa?