Naman Kawu Da Na Ba Maƙwabci

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi aka mayar da ni gidan rediyo a Birnin Kebbi, iyalina kuwa suna Jega, sai ƙarshen mako nake zuwa. A wani shiri na tattauna da wani ma'aikacin gandun daji, wanda ya lissafa mini itatuwan da ake sassabe wa dabbobi da rani, da waɗanda ake ƙonawa wajen gashi. Na fito daga ɗakin shirin da niyyar rage cin nama.

Ni da maiɗakina muka dafa wake, muka kirɓa shi a turmi da albasar Aliero da attaruhu da garin ƙuli-ƙuli. Muka mulmula, muka danne shi fale-fale, muka soya a kasko. Na farko ya wargaje, sai muka ƙara fulawa. Na tsaga burodi na saka guda a ciki da yankan tumatir.

Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa tana kallona.

"Ƙosai ne da ya rasa mai. Malam, gaya mini gaskiya, likita ya hana ka nama?"

Na ce a'a, na yi mata bayanin itatuwa. Ta ce to, irin to ɗin da ba a yarda ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, mahauci ne a kasuwar Jega. Duk ranar da na iso gari yakan aiko mini da tsokar cinya da hanta, tun kafin ya sayar wa kowa. Mako uku a jere na aika wa maƙwabcina da naman, ina ganin alheri na yi. Ban yi tunanin cewa mutum ba ya kyautar da naman kawunsa mahauci haka kawai ba. A karo na uku maƙwabcin ya shinshina naman, ya tambayi matata ko akwai abin da muka sani.

Mutane sun ɗauka mai aikin rediyo yana jin labari kafin a faɗa. Cikin 'yan kwanaki aka ce wata cutar shanu ta shigo, gwamnati na ɓoyewa. Daga baya maganar ta tsaya kan mutum ɗaya, Kawu: ɗan ƙanwarsa ma ba ya cin namansa. Masu abinci biyu daga Maiyama da suka saba saye wurinsa suka koma teburin gaba.

Ranar kasuwa ya aiko a kira ni. Na same shi da la'asar, rabin naman da ya yanka na nan rataye, yana korar ƙuda.

"Ɗan rediyo, mi ka gani ga namana?"

"Ba komai, Kawu. Zancen itatuwa ne."

"Itatuwa. Ni icce nika yankawa? Wa ya aiko ka?"

Na buɗe ƙunshin burodi da soyayyen waken da na zo da shi don ya ɗanɗana. Ya ɗaga burodin da bakin wuƙa, ya leƙa ciki, ya mayar.

"Zamna nan, inda kowa ka ganin ka."

Ya yanki hanta da tsoka, ya ba mai gashi na kusa. Na zauna a benci na ci, mahauta sun daina sara suna kallo. Wani dattijo mai shayi ya tsaya har na cinye, ya ƙara tsayawa kamar yana jiran ya ga ko zan faɗi. Sannan ya nuna haƙarƙari ya ce a yanka masa.

Kawu bai dube ni ba, yana wasa wuƙa ya ce, "Kowace kasuwa nan za ka ci."

Haka na yi shekaru, kwana shida wake, ranar kasuwa benci. Ɗaya daga cikin masu abincin Maiyama ta dawo, ɗayar ba ta dawo ba. Har ya bar sana'a, Kawu yana zargin mahaucin teburin gaba ne ya zuga ni.