Shekarar Da Na Biya 'Yan Gayya

Ni ne na kai Innata aka rubuta sunanta. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada a ɗora wa gwamnati ko mutanen ƙauyenmu laifin da rabinsa nawa ne. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu lokacin da na ji ana cewa za a riƙa ba matan karkara marasa ƙarfi kuɗi a hannu. Na hau mota zuwa ƙauyenmu da ke bayan garin Sara, na ɗauko ta, muka yini a layi rana na dukanmu. Aka ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa, aka miƙo mata kati. A hanyar komawa sai tambayata take wane ne mai ba da kuɗin, kuma me ta yi masa. Na ce gwamnati ce, kuma ba sai kin yi mata komai ba. Ta ce to Allah ya saka.

Gona ɗaya mahaifina ya mutu ya bari, kuma ita ke ci da Inna. Yayyena mata kowacce na ɗakin mijinta, ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, hannuna ya yi laushi. Shuka dai Inna kan lallaɓa ta yi da kanta. Amma noma, wato cire ciyawa kafin ta shaƙe gero, ya fi ƙarfin tsohuwa. Wannan aikin gayya ce ke yi mata. Akwai aminin mahaifina da muke kira Baba. Duk damina in gero ya kai idon sawu, shi zai bi gida-gida ya ce rana kaza gonar marigayi za a shiga. Sai ka ga mutane sun fito da fartanyoyinsu, dattawa da samari, su jeru, kafin azahar an gama. Abin da ke kan Inna shi ne tuwo da fura da goro. Ba a taɓa ba kowa ko kwabo ba, kuma shekara da shekaru haka ake yi.

Kuɗin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Da na farko ta sayi maganin ciwon gwiwar da ya daɗe yana damunta. Da na biyu aka ɗaure mata rufin ɗaki da ke yoyo. Daga baya ta sayi akuya. Har ƙiba ta ɗan yi, wallahi. Ni kuma kaina ya kumbura, ina jin na yi wa uwata abin da ba ɗan da ya taɓa yi a ƙauyen.

To, akwai abin da na daɗe ina jin haushinsa. Bayan kowace gayya Inna sai ta zaga gidajen mutanen nan, ta durƙusa a zaure tana godiya, har ga yaran da aka haifa a gabanta. Abin na sosa mini rai. Da damina ta zo na je gida, na ce mata yanzu tana da nata, ta sallami kowa da kuɗinsa, ta huta da durƙuso. Ta ce ai ba a yin haka. Na ce da ne ba a yi, don babu. Yanzu zamani ya canza. Na yi ta zuba mata bayani irin namu na malaman makaranta, wanda in an fara ba a tsayawa. Ta ce ita dai tana jin nauyi. Na ce ta bar nauyin a kaina. Da kaina na je kasuwar Sara na yi canjin kuɗin zuwa ƙananan takardu.

Ranar gayyar, an gama aiki, an zauna ƙarƙashin ɗorawa ana cin tuwo. Na bari sai da aka fara wanke hannu, sannan na miƙe, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa wa kowa nasa. Samarin suka dubi juna, suka yi 'yar dariya, suka cusa a aljihu. Da na iso kan Baba, na russuna na miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi kuɗin, ya dubi fuskata, bai karɓa ba.

Ya ce, "Ashe ƙwadago muka zo."

Ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya. Dattawa uku suka tashi suka bi shi, ko goron ba su tsaya ɗauka ba. Na ce a raina rigimar tsufa ce, zai huce. Na koma Birnin Kudu ina ganin na ƙwato wa uwata mutunci. Kai, jahilcin mai ilimi ba shi da magani.

Da rani kuɗin ya ƙara zuwa, sai kuma ya tsaya cak. Inna ta je wurin mai cirar kuɗi a Sara, ya sa katin a na'urarsa ya ce ba komai. Ta koma, ya ce ba komai. Na je ofishin da aka yi rajistar, wani ya ce ana tantance sunaye, wani ya ce daga sama ne, in yi haƙuri. Ana cikin haƙurin ruwa ya sauka. Inna ta yi shukarta kamar kullum, gero ya tsiro gwanin sha'awa, ya kai idon sawu, ya wuce. Ba mu ji an zaga gidaje ba.

Ta aika wa samarin. Suka aiko a tambaye ta nawa ne kan mutum. Ban ce mugaye ne ba. Ni na koya musu cewa gonar nan tana da farashi. Ga kuma wani abu da ban lura da shi ba: iyayen yawancinsu sun yi layin nan tare da mu, sunansu bai fito ba. Tun lokacin ake cewa Inna ai ta gwamnati ce, ta fi ƙarfin taimako. Na tattara abin da zan iya daga albashina na ɗauki 'yan ƙwadago biyu. A tsakiyar damina kowa na kan gonarsa, mai fita aikin wani sai ya ga dama, kuma da tsada. Suka yi yini ɗaya, suka share kusurwa guda, suka tafi.

Sai na haɗiye girman kaina na je wurin Baba. Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na tsuguna na ba shi haƙuri, na ce yarinta ce. Ya ce shi ba fushi yake yi ba, kuma na yarda da shi, don bai iya ƙarya ba. Ashe ma ya zaga gidajen, tun kafin in zo.

Ya ce, "A da in na kira su, don mahaifinka suke zuwa. Bana na kira, suka ce nawa za a bayar. To me zan ce musu?"

Kashegari ya fito da dattawa biyu, ni na huɗu. Tsofaffi uku da malamin makaranta. Ciyawa ta kai gwiwa, geron ya yi ɗorawa-ɗorawa ya siririce a cikinta. Kafin hantsi tafin hannuna ya faffashe, su kuma suna noma suna tsayawa dafe da ƙugu. Kwana uku muka yi, ko rabi ba mu kai ba, kuma lokaci ya riga ya wuce. Da kaka abin da aka ɗauro daga gonar bai cika amalanke ɗaya ba.

Inna ba ta taɓa cewa ni na jawo ba. Ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan kaka kuɗin ya sake faɗowa sau guda, ba wanda ya ce ga dalilin tsayawarsa ko na dawowarsa. A awon hatsi ya ƙare, don a lokacin kwanon gero ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Akuyar ma ta bi shi. Daga nan katin bai sake motsi ba. Ina aika ɗan abin da ya samu, amma ni ma ina da mata da 'ya'ya, kuma albashin malami kowa ya san shi.

Da bazara na je duba ta. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza na ta sharar gona. Na tarar ta tuƙa mini tuwon gero da miyar kuka. Na zauna a tabarma na ci, na ƙara. Na ce mata wannan ba geron kasuwa ba ne, yana da ƙanshin namu na gida, a ina ta samo? Ta ce wanda ta ware ne tun kaka, zangarniyoyin nan masu kyau da take ratayewa a ɗaki. Hannuna ya tsaya a cikin kwano. Na ce Inna, irin shuka kika daka? Me za ki shuka in ruwa ya sauka?

Ta ce, "In na shuka, wa zai nome?"

Ta turo mini kwanon miyar kusa, ta ce in ci kada ya huce.