Manomi Mai Suna Uku

Shamsiyya Umara 'yar mai bandar kifi ce a Haɗejiya. Tun tana ƙarama ita ke ware wa mahaifinta tarwaɗa gefe, karfasa gefe, ba ta yarda a cakuɗa. Da ta gama difloma sai ta duƙufa koyon rumbun bayanai, wato yadda ake tsara bayanai a kwamfuta a kuma yi musu tambaya da harshen SQL. Rabi ta koya a shagon kwamfuta, rabi a wayarta.

Wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kirikasamma ta ɗauke ta gwaji. Shugabansu, Malam Tasi'u, ya ce in ta tsara bayanan membobi kafin rabon irin rani, aiki ya zama nata, in ta kasa ta koma gida. Wasu membobin suka zo ofis da kansu suka ba da sunayensu. Ita kuma don zumuɗi ta bi gida-gida, inda maza ke gona mata suka amsa mata.

Da ta haɗa, kwamfuta ta ce manoma ɗari huɗu da sha biyu. Malam Tasi'u ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"'Yata, mu ɗari uku da hamsin ne. Sauran aljanu kika rubuto? Su ma a ba su iri?"

Shamsiyya ta koma kan aikinta. Ta sa kwamfuta ta zaƙulo duk gonar da ke da mai ita fiye da ɗaya. Ga wata a bakin fadama, masu ita uku: Abdulfattah, Babangida da Baban Adila. Ta haye acaɓa sai gidan, ta tarar da Iya Falmata, uwar mai gidan, tana shanya shinkafa.

"Iya, wane ne Babangida?"

"Yaron nan ne mana."

"Abdulfattah fa?"

Iya ta kau da kai. "Ke, ba ki da kunya? Ɗan farin nawa zan kama sunansa?"

Surukarta Ramatu ta leƙo daga madafi. "Ni ma ba za ki ji shi a bakina ba. Baban Adila na ce miki, a nan na tsaya."

Shamsiyya ta tuntsire da dariya. Ashe kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, kunya ce kawai ba ta sani ba.

Ta koma ta buɗe gurbin laƙabi kusa da na suna, ta ba kowane manomi lambarsa shi kaɗai, ta ɗaure lambar da gonarsa da wayarsa. Ta haɗe masu maimaici, ta adana kwafi a wani wurin saboda ambaliya. Ɗari uku da hamsin cif.

Ranar rabo kowa ya ɗauki buhunsa, babu saura babu giɓi. Malam Tasi'u ya miƙa mata makullin ofis.

"Gobe ki fito da wuri, 'yata. Masuntan garin Baturiya ma sun aiko neman ki, su kuma kowa Auta ake kiransa."