Takalmi a Ƙofar Coci

Ran nan makarantar 'yata ta gayyaci iyaye taro a wani tsohon coci kusa da kasuwar Lewisham, a nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Ina sa ƙafa ciki, ƙanshin kyandir da danshin bango suka dake ni, sai ga ni 'yar yarinya, riƙe da gefen zanen Kaka.

Kakata ce ta wajen uba, a zangon Kumasi muke zaune da ita. Idan Kaka na gida, ba ka isa ka makara da salla ba. Carbi ba ya barin hannunta, bakinta kuma ba ya hutawa. Wata damina ta ce in raka ta bakin teku. Na ɗauka sarin kifi za mu je, tunda sana'arta ke nan.

Muka sauka a wani ƙauyen masunta, ko'ina hayaƙin banda da kwale-kwale a kife. Ko kallon kifin ba ta yi ba. Ta miƙe zuwa wani ɗan coci da Turawa suka gina tun zamanin mulkinsu, gishiri ya cinye fentinsa, kwanon rufin ya yi tsatsa. Kaka a coci?

A bakin ƙofa na tuɓe silifas, don ni duk ɗakin ibada haka na san ana shigarsa.

"Mai da takalminki," in ji ta. "Nan da takalmi ake shiga."

Ina ta san haka? Kafin in tambaya, na ga ta tsoma yatsu a ɗan kwanon ruwan da ke jikin bango, hannun ya tafi goshinta shi kaɗai, kamar yadda masu ibada a coci suke yi. A nan ta kama kanta, ta goge yatsun da mayafi tana istigfari.

Wani tsoho mai shara ya ɗago, ya daɗe yana kallonta, sannan ya kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba. Ta amsa! Suka yi ta magana da yaren ƙauyen, ni kuwa baki buɗe. Can ta juyo gare ni.

"Nan aka haife ni. Na musulunta na bi kakanki, uwata ta rasu ban zo ba. Kabarinta nake so in gani kafin nawa lokacin ya zo."

Muka zagaya bayan cocin, inda ta san makabarta take. Babu makabarta. Ƙasa ta yanke kawai, sai ruwa yana dukan kututturan kwakwa. Carbin Kaka ya faɗi a yashi, ba ta ma sani ba.

Tsohon ya ja mu ciki, ya nuna daɓen da ke tsakanin bencuna, yana magana a hankali. Daga baya Kaka ta faɗa mini abin da ya ce: da teku ya fara cin kaburbura, mutanen ƙauyen suka tono waɗanda suka samu, suka sake binne su a ƙarƙashin daɓen. Shi ya ɗauko uwarta da hannunsa.

Kaka ta dubi ƙafafunta. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa.

"Cire naki," in ji ta. "A kan uwata muke tsaye."

To, a Lewisham da na duba ƙasa, duwatsun daɓen duk sunayen matattu ne, iyaye suna ta takawa da takalmansu. Ban san sanda na riƙe nawa a hannu ba.

"Mama, please, ana kallonmu," in ji 'yata.

Ban mai da su ba. Bara wani ɗan'uwa ya kira ni daga gida, ya ce teku ya cinye cocin ƙauyen, har da daɓen. Kaka ta samu inda za ta cire takalminta. Ni in na kai 'yata, ban san inda zan ce ta cire nata ba.