Minti Arba'in da Biyar na Anti Sakatare

Shekarata goma sha ɗaya ina kula da sito a kamfanin da ke sayar da kekunan ɗinki, kuma ban ga wanda ake shakka a wurin ba kamar Anti Sakatare. Mai kamfanin, wanda muke kira Yallaɓai, ihu kawai gare shi, in ya gama ya manta. Anti ba ta ihu. Agogo take kallo, sannan ta kalle ka, sai ka ji ka fara ba da haƙuri tun ba ka san laifinka ba.

Gajeriya ce, tabaraunta a rataye da zare, tana tafiya kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Mahaifinta mai gadin ƙofa ne a wata masaƙa, shi ke buga ƙararrawar shiga aiki, ya rufe ƙofa. Ta ce tun tana yarinya, in ta kai masa abinci, take ganin manyan mutane masu gemu suna roƙo a bakin ƙofa saboda minti biyu. A tafireta ta koyi aiki. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, kuma a kan teburin nan nata mai ƙafa ɗaya da aka tallafe da kwali ta rene su har suka zama mutane.

Babban aikinta shi ne haɗa taro. Masana'antar da ke ƙera mana kekuna tana can gabas, sun riga mu da awa bakwai. Ofishin da ke ba mu izinin dillanci yana can yamma, mun riga su da awa biyar. Duk wata sai an zauna ta kwamfuta, mu da su, kowa na ganin fuskar kowa. Na gabas wani injiniya ne da muke kira Mai Sanƙo. Ta yamma kuwa Madam Kofi, don ban taɓa ganin hannunta babu kofin shayi ba.

Anti ba ta yarda da lissafin waya ba. Ta yanka kwali biyu masu da'ira, babba da ƙarami, ta rubuta awoyi a gefensu, ta haɗa su da maɓallin riga a tsakiya. Sai ta juya ƙaramin, ta tsuke baki, ta ce, "Ƙarfe ɗaya. In muka yi sha biyu, Madam tana hanyar kai yara makaranta. In muka kai biyu, Mai Sanƙo ya fara hamma, ba abin da za a faɗa ya ce a'a ko e." Ƙarfe ɗaya na ranarmu ke nan, takwas na dare a gabas, takwas na safe a yamma. Ƙofa ce ƙarama, kowa sai ya sunkuya ya shiga. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne mutanen yamma da ke matsar da agogonsu awa ɗaya sau biyu a shekara. Har gobe ba ta yafe musu ba. Takan ce, "Mutum da hankalinsa ya tashi ya ce wa rana ta yi kuskure!"

To, duk wannan mai sauƙi ne. Akwai wata ƙasa ta huɗu da ba ta cikin taswira, ita ce Yallaɓai. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma a haihuwarsa ma ina jin sai da ungozoma ta gaji da jira. In ya ce yana hanya, wanka zai shiga. In ya ce ga shi a bakin ƙofa, takalmi yake nema. Tun shekarun farko Anti ta gane wa'azi ba zai yi ba, sai ta fara rage masa lokaci. In taro ƙarfe ɗaya ne, ta ce masa ɗaya saura kwata. Da tafiya ta yi tafiya, kwata ya kasa, ta koma rabin awa. Lokacin da na zo aiki an riga an tsaya a minti arba'in da biyar: taron ƙarfe ɗaya, a wurin Yallaɓai sha biyu da kwata ne. Direba ya sani, ni na sani, mai shara ma ta sani. Ranar da aka ɗauke ni aiki, kafin a nuna mini makullin sito, wannan aka fara gaya mini.

Shi kuwa sai ya shigo ɗaya saura biyar, yana goge zufa, ya zauna gaban kwamfutar da Anti ta riga ta kunna. Fuskoki su fito, ya ce a gafarce shi ya makara. Su ce haba, ai daidai ya zo. Nan fa kansa ya ƙara girma. Bayan taro yakan tsaya a bakin sito ya ce mini, "Ka ga abin da ake kira mutunci? Minti arba'in suna zaune suna jirana, ko tsaki babu. Har cewa suke daidai na zo! Ku yara ba ku san darajar suna ba." Ni kuwa in ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ina lissafa allurai don kada dariya ta ƙwace mini. Wani lokaci haushi nake ji, wallahi. Matar nan ta yi girki, wani yana karɓar yabon miya.

Shekara goma sha takwas ana haka. Amma an ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ta alheri ce.

Wata Litinin aka bar wa Yallaɓai ɗauko jikarsa daga makaranta. Ya je ya tarar da ita kaɗai a kan benci, an kulle azuzuwa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Kaka, kai ne kullum na ƙarshe." Maganar da mu manya muka kasa faɗa ke nan. Ta shige shi, ya yi rantsuwa ya daina makara, kuma bai gaya wa kowa ba sai direba. Direba kuwa, Allah ya shirye shi, ya ɗauka irin rantsuwar barin sukari ce da ake yi duk wata, bai ko sanar da Anti ba.

Ranar Laraba ne taron sabunta izinin dillancinmu na shekara biyar. In ya ɓaci, babu kekuna, babu sito, babu mu. Sha biyu da minti goma ina tsaye wurin teburin Anti da samfurin sabon keke, sai ga Yallaɓai ya turo ƙofa, fes da shi, yana murmushi. Biro ya faɗi daga hannun Anti. Ban taɓa ganin haka ba.

"Yau zan ba su mamaki," in ji shi. "Sakatare, kunna."

Ta kunna. Ya gyara zama, ya gyara hula. A allon kwamfuta babu kowa sai shi, yana kallon kansa.

Sha biyu da ashirin ya daina murmushi. Anti ta zame waje da waya, na bi ta. Mai Sanƙo ya ɗauka cikin ƙarar jirgin ƙasa, yana hanyar gida. Madam Kofi ba ta ɗauka ba, ƙarfe bakwai da ashirin ne a wurinta, tana fama da safar yara. Muka koma.

"Ina suke?" in ji Yallaɓai.

"Wataƙila canjin agogon nan nasu ne, ranka ya daɗe," in ji Anti.

"Na yamma ke canja agogo. Shi na gabas me ya canja, hali?"

Ashe yana saurare in tana mita. Sha biyu da rabi ya fara buga tebur da zobe. "Wato na gane. Sun sami wani dillalin. Wulaƙanci ne suke so su yi mini don in janye da kaina. Ni za a shanya kamar wanki? Sakatare, rubuta!"

Ya fara faɗa, tana bugawa. Matar da yatsunta ke gudu kamar keken ɗinki, ranar da yatsa ɗaya take neman haruffa. Wasiƙa ce ta yanke hulɗa, da kalmomin da ba a janye su. Ta tambaye shi yadda ake rubuta sunan kamfaninsa. Ta goge layi ta sake. Ni ma na sa baki, na ce ko ya duba samfurin keken nan kafin su zo. Ya ce in ɗauke shi daga gabansa ko ya ɗinke mini baki da shi.

Ɗaya saura ashirin ya miƙe, ya ɗauki makullin mota. "Aika. Ni na tafi."

Na kalli Anti. Gaba kura baya sayaki: in ta aika, mun mutu duka, in ta yi magana, ita ce ta yi wa mai gidanta ƙarya shekara goma sha takwas, ga furfura, ga shekara biyu ya rage ta yi ritaya da mutuncinta. Tausayinta ya kama ni. Ta cire tabarau, ta tashi tsaye.

"Yallaɓai, ba su makara ba. Taron ƙarfe ɗaya ne."

"Ke kika ce mini sha biyu da kwata."

"Ni na ce."

"Kuskure kika yi?"

Ga hanya an buɗe mata, in ta ce e shi ke nan, faɗa ne na minti biyar. Amma Anti ta gwammace a kira ta maƙaryaciya da a ce ta yi kuskuren lissafi.

"Ban taɓa kuskure ba, ranka ya daɗe. Kullum haka nake gaya maka."

Ya koma ya zauna a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun muna tsohon shago."

"Ke nan ba su taɓa jirana ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya juyo gare ni. Na sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan keken ina dubawa. Sai ya ce, murya ƙasa, "To duk shekarun nan wa yake jirana?"

"Ni, Yallaɓai," in ji Anti.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Mai Sanƙo ya fito, Madam ta fito da kofinta. Madam ta ce abin da ya sa ba su ko duba wani dillali ba shi ne ba a taɓa jiran Yallaɓai ba, ko na minti ɗaya. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce ya gode. Aka sabunta izini.

Bai kore ta ba, amma mako uku bai kalli teburinta ba. Umarni ɗaya ya aiko direba da shi: daga yau a gaya masa gaskiya tsagwaronta. Da taron wata ya zo, Anti ta rubuta masa ƙarfe ɗaya da manyan baƙi. Rantsuwar kuwa ta riga ta bi ta sukari. Ya iso biyu saura ashirin. Madam ta tafi wani taron, Mai Sanƙo ya bar saƙo cikin ladabi yana tambaya ko lafiya, don bai saba gani ba.

Da yamma ina rufe sito na hango shi tsaye gaban teburin Anti, yana juya kwalin nan nata kamar mai son saye. Ita tana haɗa jakarta, ba ta ɗago ba. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Anti," in ji shi, kuma ranar ce ta farko da na ji ya kira ta haka, "ki mayar da ni inda nake. Amma don Allah kada ki gaya mini minti nawa."

Ta rataya jaka a kafaɗa, ta kalli agogo, sannan ta kalle shi.

"Na watan gobe ƙarfe sha biyu ne daidai, ranka ya daɗe. Kada ka makara."