Jar Saniyar Kawu

Ni nake kula da shafin intanet na wata ƙungiyar makiyaya a Dakoro. Babban aikin shafin cigiya ne. In an tsinci dabba, a kai ta shingen ƙungiya, mai gadin shinge ya ɗauki hotonta ya aiko mini, ni kuma in ɗora. In wa'adi ya cika ba mai ita, a sayar ran kasuwa. Mai gadin dattijo ne mai surutu, kowane hoto sai ya haɗo da saƙon murya mai tsawo: kunne kaza, ƙaho kaza, tambari a cinya kaza. Ban taɓa saurara har ƙarshe ba. Ina ganin ga hoto, me kuma ake nema? Ina alfahari da shafin nan kamar ni na ƙirƙiro intanet ɗin.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Ciwon ido ya tafi da ganinsa bayan ya yi ritaya, amma bai tafi da taurin kansa ba. Salularsa tana karanta masa rubutu da Faransanci, da wata muryar mace mai sauri da muke tsokanarsa muna cewa amaryarsa ce. Da ita yake bin labarai, ba ya son kowa ya karanta masa komai.

Yana da jar saniya guda, ta marigayiya matarsa, tana kiwo wajen wani makiyayi a Korahane. Wata damina sai saniyar ta ɓace. Ya faɗa mini, na ce in sha Allah zan duba. Na duba kuwa, amma shanun ƙasarmu kusan duka jajaye ne, ni kuma ɗan gari ne, ba na bambanta su. Na ce masa ban gani ba.

Bayan kamar wata guda ya sa aka kira ni. Na same shi a zaure, salula a kunne.

"Ɗan nan, zamna. Saurara ka ji abin da ka gina."

Ya shafa gilashin da yatsa. Muryar ta ce hoto. Ya sake shafawa, ta ce hoto. Hoto, hoto, har ƙasan shafin.

"Kullum da sahe sai na shiga. Ƙohwa ka yi mani, babu ɗaki bayanta. Mai shingen nan bai hwaɗa maka komi ba?"

Kunya ta rufe ni. Na ciro tawa salular, na fara kunna masa tsofaffin saƙonnin mai gadi ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai ko na takwas muryar dattijon ta ce: "Ja ce, kunnen hagu a tsage biyu, ƙahon dama..."

"Ya karkata baya," in ji Kawu. "Da tabo ƙarƙashin wuya, inda igiya ta ci ta."

Sai muryar mai gadin ta biyo shi, kalma da kalma.

Na kira mai gadi. An sayar da ita kasuwar da ta wuce, wani falke ya yi kudu da ita. Ni da kaina na ɗora hotonta, ta yi makonni a shafina, Kawu yana wucewa ta kanta kowace safiya.

Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ya murza carbi, sannan ya ce:

"In kun samu wanda ya saye, ku ce mashi ta dama ake tatsarta. Haka marigayiya innarka ta saba mata."

Ranar ban koma gida ba sai da na rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto, Kawu yana saurare yana gyara mini, wai ba a cewa "ja" kawai a yi shiru. Da muka zo kan nata na ce zan cire, tunda an sayar. Ya ce in rubuta tukuna. Na rubuta. Ya sa salular a kunne, muryar ta karanta masa ita tun daga kunne har wutsiya, ya sake shafawa ta maimaita.