Gaisuwar da Ta Sa Aka Rufe Mana Akwati

Akwatin imel guda ne a asibitin mishan, ni ke buga saƙonni. Tsofaffi kan zo daga Tamaske da Tama in rubuta wa ƴaƴansu da ke Abijan. Kowa da gaisuwa yake farawa: ina gajiya, ina iyali. Ban taɓa gajarta wa kowa ba.

Rannan kamfanin intanet ɗinmu da ke Yamai ya rufe mana akwatin, wai saƙo iri ɗaya muke ta watsawa kamar ƴan damfara.

Na buga waya raina a ɓace. Wanda ya ɗauka ɗan Adar ne kamarmu, har na ji sanyi. Sai da ya gaishe ni tsaf, gida, damina, yara, sannan ya ce, "Malam, ku bar gaisuwar nan."